Wace rana ce ranar wuta? Tambaya daga arewacin Damagaram

Malamin Ƙauye ya rubuta:

Assalamu alaikum. Barkanmu da kaka.

Ina koyarwa a wani ƙauye arewa da Zinder, in ka bar kwaltar Tanut ka yanki gabas cikin rairayi. Da mai gari ya kafa kwamitin kashe wuta, sai aka ce tunda ni ke da alƙalami ni ne sakatare. Kada sunan ya ruɗe ku. Kwamitin samari ne da hauyoyinsu, manjagara ƴan kaɗan, amalanken shanu da duro biyu a kai, sai usur ɗin da muke kiran yara da shi a makaranta.

Bana ciyawa ta yi. Ƙarangiya ta rufe dajin da ke gabas da mu, a kwari kuwa kyasuwa har ƙugu. Dattawa na murna, ni ma ina murna, amma gabana na faɗuwa. Haka aka yi bayan damanar 2024, wadda ruwanta ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Zinder a watan Satumba: birni ya ga ambaliya, mu muka ga ciyawa, daga nan kowa ya riƙa kwana da ido ɗaya. Yanzu ciyawar bana ta fara yin fari, in ka taka ta kana jin ƙas-ƙas.

Ba zan iya tsare samari su yi gadi kullum ba. Ga yankan hatsi, ga roron wake, wasu ma sun fara ɗaure kaya za su tafi cin rani. In na ce kowace rana ta haɗari ce, kafin kasuwa ta zagayo ba mai saurarona. Ina son in san ranakun da ya kamata in busa usur tun da safe in ce yau ba shayi a daji, ba ƙona gona, ba farautar gafiya. Wayata na nuna zafi da gudun iska da danshin iska, amma ban san wace lamba ce ta tashin hankali ba.

Sai maganar layin tare wuta, wato filin da ake sharewa don wuta ta tsaya in ta iso. Hannunmu kaɗan ne, ba za mu iya zagaye daji ba. Ta ina za mu fara?

Kuma don Allah masu sani, kiran 18, lambar ƴan kwana-kwana, yana da wani amfani ga irinmu da ke nesa, ko ɓata kuɗin waya ne?

Tsohon Ɗan Kwana-kwana ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba da ladan ɗawainiya.

Zan fara da ta ƙarshe don ita ce aikina kafin in yi ritaya. Ka kira 18, ko yaushe. Amma ka kira kana sane da abin da motar za ta iya. Mota ce mai nauyi, cike da ruwa. A kan kwalta tana gudu, da ta sauka rairayi sai tafiyar hawainiya, wani lokaci ta kafe, mu da muka zo kashe wuta mu koma haƙa taya. Ruwan da ke cikinta kuwa lita dubu kaɗan ne, in aka buɗe mesa sosai mintoci ne ya ƙare. A cikin Zinder ma, inda ake jawo ruwa daga nesa, daga Gogo-Machaya da Arunguza, neman inda za a sake cika tanki wani aiki ne mai zaman kansa, balle a daji. Saboda haka wutar daji taku ce a awa ta farko, kuma awa ta farko ita ce duka. Mu mun fi amfani in wuta ta doshi gari, ko akwai wanda ya ƙone da za a ɗauko.

In ka kira, kada ka ce “wuta a dajinmu” ka kashe waya. Faɗi sunan gari, garin da za a bar kwalta, inda wutar ta dosa, da rijiya ko fanfon da ya fi kusa. Ka aika yaro da babur ya tsaya bakin kwalta ya ja su. Ka kira jami'in gandun daji da jandarma da ofishin magajin garinku, su suka fi kusa da ku, kuma su ke iya tayar da ƙauyukan maƙwabta.

Ga abin da nake so ka koya wa samarinka, ka maimaita musu har su gaji da kai. Ba a tarar wuta ta goshi. Goshinta shi ne inda iska ke tura ta, can harshen ya fi tsawo, can hayaƙi yake. A biyo ta ta baya, a rabu biyu, a riƙa cin gefenta ana matse ta har goshin ya tsuke. Ƙafarka ɗaya ta kasance a kan ƙasar da ta riga ta ƙone, don in iska ta juya nan ne mafakarka. Na ga ƙato ya juya ya ruga cikin ɗanyen daji wuta na bin sa, alhali taku biyar ne tsakaninsa da baƙar ƙasa. Kuma kada kowa ya tsaya saman tudu wuta na ƙasa, tana hawa tudu da saurin da ya fi na fili nesa ba kusa ba.

Kayan aiki: reshen sabara ɗanye, ko buhun algarara da aka tsoma a ruwa. Buhun leda narkewa yake a hannu. Rigar ƙwallo da takalmin roba ma haka, a bar su gida, a sa auduga, a naɗe baki da hanci da rawani. Duro biyun nan naku ba na watsa wa wuta ba ne, na jiƙa buhu ne da na sha. Kuma ba a daka wa wuta reshe daga sama, tartsatsi za ka watsa. Sharewa ake yi daga gefe, ana tura garwashin cikin inda ya ƙone.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi ba mu wahala. Wuta ta mutu da magariba, kowa ya tafi gida yana alhamdu lillahi, da hantsi ta tashi daga wuri guda. Kashin shanu ne. Busasshen kashin shanu na riƙe wuta a cikinsa dare guda, daga waje ba ka ganin komai. Haka kututturen itace. A bi bakin ƙunar da shebur, a farfasa, a binne da rairayi, a bar mutum biyu su kwana.

Mai Auna Ruwan Sama ya amsa:

Malam, ni ma'aikacin gona ne a wajen Mirya, ni ke rubuta ruwan da ya sauka a ma'auni in aika, don haka na ɗan saba da lambobin nan.

Akwai wata ƙa'ida da masu kashe wutar daji ke yawan faɗa, 30 sau uku: zafi ya wuce digiri 30, danshin iska ya sauka ƙasa da kashi 30 cikin ɗari, iska ta wuce kilomita 30 a awa. In ukun suka haɗu, wuta ba ta jin magana. Sai dai a ƙasarmu biyu daga ciki kusan kyauta ne. Da iskar gabas ta kankama a Nuwamba, danshin rana ba ya komawa sama da 30 sai bazara ta kawo iskar yamma, a Fabrairu da Maris ma yakan sauka ƙasa da 15. Zafi kuma ban da ɗan sassaucin Disamba da Janairu kullum yana sama da 30. In ka bi waɗannan biyu, kowace rana ka busa usur, abin da kake gudu ke nan. Kuma kada sanyin Janairu ya ruɗe ka, ciyawa ba ta san sanyi ba, bushewa ta sani. Iska ita ce ke raba ranaku. Ita za ka sa wa ido.

A waya, kada ka tsaya ga gudun iska na yau da kullum, ka duba lambar bugawarta, wato mafi ƙarfin da za ta kai in ta yunƙuro. Ka duba tun da dare don gobe. In ba hanyar sadarwa, ido ya isa. In iska na ɗaga ƙura da takarda daga ƙasa, ƙananan rassa na motsi, ta wuce 20. In ƙananan itatuwa na rangaji gaba ɗayansu, ta kai 30. Ka kafa doguwar sanda a filin makaranta da tsumma a kai, ta nuna maka ƙarfi da inda ta fito. Yara ma za su iya karanta maka.

Lokaci ma yana da nasa. Ka lura da hunturu: asuba shiru, sai rana ta ɗan ɗaga wajen ƙarfe tara zuwa sha ɗaya iska ta taso da ƙarfi. Dalili, da dare iska mai gudu tana can sama, iskar ƙasa mai sanyi ta kwanta a ƙarƙashinta. Da rana ta gasa ƙasa sai su gauraya, ta saman ta sauko mana. Danshi kuma yana kai ƙarshen saukarsa tsakanin azahar da la'asar. To daga hantsi zuwa la'asar ke nan ƙofar a buɗe take. Siririyar ciyawa irin ƙarangiya da komayya ba ta buƙatar kwanaki kafin ta bushe, cikin awa guda take bin iskar da ke kanta. Shi ya sa a farkon kaka ciyawar da ta ƙi kamawa da asuba saboda raɓa, da azahar ashana ɗaya ta ishe ta. Ranar da ka taka daji da asuba ƙafar wandonka ba ta jiƙe ba, raɓa ta ɗauke, lissafi ya canja.

Hazo kuma yana da nasa sharrin. Yawancin ƙurar nan daga kwarin Bodele take a arewacin Cadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwaso ta. Ranar da hazo ya yi kauri ba za ku hangi hayaƙi daga nesa ba, sai dai ku ji ƙauri. Ni da ni ne, ranar hazo mai iska ita ce ranar da zan ɗora yaro a kan tudu.

Iskar da na fi tsoro dai ba ta tsakiyar hunturu ba ce, don ita an san inda ta dosa. Ta yanzu ce, ƙarshen Oktoba, da iskar damina ba ta gama tafiya ba ta gabas ba ta gama zama ba, tana iya juyawa cikin yini. Ga ciyawa a cike, dabbobi ba su taɓa ta ba. Zuwa Maris shanu sun cinye rabi sun tattake rabi.

Ɗan Gure ya amsa:

Malam sannu da ƙoƙari. Ni kiwo na gada, tsakanin Gure da Tasker muke yawo.

Kafin in ce komai kan layi, bari in sauke abin da ke raina. Duk wutar da ta tashi sai a ce makiyayi ne da shayinsa. Akwai yaran da ke barin garwashi, ban musa ba. Amma ku tambayi kanku wa ke asara in daji ya ƙone. Manomi hatsinsa na rumbu. Ni rumbuna shi ne dajin. Ciyawar da ta ƙone a Nuwamba ba ta dawowa sai Yuli, wata takwas ke nan ina sayen dusa ko ina sayar da saniya a farashin akuya. Masu jefar da guntun sigari daga kan mota fa? Masu shiga ciyawa da mota salansa na zafi? Masu turara ramin gafiya da masu cin zuma? In za ka kafa doka, Malam, ka kafa wa kowa. Kuma ka je rugar da ke kusa da ku da kanka, ka sha nono, ka karɓi lambar wayar ardo. Mu ke fara ganin hayaƙi, mu ke kwana a can.

Layi kuwa, ka fara ta inda iska ke fitowa, gabas da arewa maso gabas. Ka shimfiɗa shi a gicciye, ya tare iskar, wato ya miƙe daga arewa zuwa kudu yana ɗan karkata. Layin da ya bi tsawon iska wahalar banza ce. Kada ka fara sabo inda akwai tsoho: hanyar mota, burtali, bakin gonakin da aka girbe, fakon da ba ya fid da ciyawa, duk layi ne da Allah ya ba ka, faɗaɗa su kawai za ka yi ka haɗa bakinsu. Da haka mutum goma za su yi aikin mutum talatin.

Faɗi kada ya gaza mita 15 zuwa 20, irin wanda ake yi in an kawo aikin layi na biya. Na ga inda aka yi mita biyar don a ce an yi tsawo, wuta ta tsallake ko tsayawa ba ta yi ba. A share har ƙasa. Ciyawar da aka share kuma a kwashe ta, kada a jibge ta a bakin layi, in ba haka ba tsani ka gina wa wutar. Ku ɗaure ta ku kai gida, a bazara kuɗi ce. In sayarwa za ku yi ku fara shaida wa jami'in gandun daji, don kwasar ciyawa don kasuwa na da ƙa'ida tun dokar makiyaya ta 2010.

Kuma yanzu ne lokacin, ba a fafe gora ranar tafiya.

Hajiya Mai Ƙosai ta amsa:

Ku maza duk kun tafi daji kun bar gari. Malam, ɗana, ni a Matamai nake, kuma gobarar da na gani da idona ba daga daji ta zo ba, daga cikin gida ta tashi.

Ka zagaya ƙauyenku bayan an gama kaka ka duba. Kara a jingine da darni, harawa a kan rumfa, zana ta kewaye madafa, rumbuna a jere kafaɗa da kafaɗa, jinkar wannan na taɓa ta wancan. Mace ta hura wuta da hantsi, daidai lokacin da mai auna ruwa ya ce iska ke tashi, ta tafi rijiya, yaro ya ja itace. Shi ke nan. Kafin a ɗebo guga biyu unguwa ta tafi. A namu wata tsohuwa ce ta kwana da kaskon wuta saboda sanyi, bakin zanenta ya faɗa ciki. Allah ya yi da sauran kwananta, amma hatsin gida huɗu ya tafi.

In za ka busa usur, ka busa wa mata ma. Ranar iska a gama girkin safe kafin rana ta ɗaga, a yayyafa wa rushi ruwa, na dare a bari sai iska ta kwanta. A yi wa murhu ƴar katangar laka ta gabas. Toka kada a zubar da ita a jikin darni sai ta kwana. Kara da harawa a fitar da su bayan gari ta yamma, wuta in ta kama su iska ta yi gaba da ita, ba cikin gida ba. Kuma masu sayar da mai a kwalba, ƴan ruwa-ruwa, a ce musu su daina ajiye jarkoki a ɗakin da ake kwana. Mai in ya kama, ruwa ƙara baza shi yake, rairayi ake zuba masa.

Ka sa mace biyu a kwamitin naka. Mai gari ba zai shiga madafar kowa ba, mu za mu shiga.

Malamin Ƙauye ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na karɓi gyara, gobe zan sami uwargidan mai gari. Ɗan Gure, akwai tsohon burtali da ya bi gabas da mu daga rijiya zuwa fako, ban taɓa kallonsa a matsayin layi ba sai yau. Sanda da tsumma kuwa ƴan aji shida sun riga sun karɓi aikin, har suna faɗa kan wanda zai riƙa rubutawa a allo.

Baba Ɗan Kwana-kwana, saura guda. Wani dattijo a nan ya dage cewa a zamaninsu in wuta ta taso, wata suke cinnawa a gabanta, biyun su haɗu su mutu. Samari sun ji abin ya burge su, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Me ka gani?

Tsohon Ɗan Kwana-kwana ya amsa:

Dattijon bai yi ƙarya ba, ana yi, kuma tana ci. Amma ka tambaye shi su nawa ne a lokacin, kuma daga ina suke cinnawa. Ba a tsakiyar ciyawa ake yi ba. Sai da shararren layi ko hanya a bayanka, ka cinna a bakinsa ta ɓangaren da wutar ke zuwa, taka ta riƙa ci a hankali tana fuskantar iska, mutane a jere a bayan layin suna kashe duk tartsatsin da ya tsallako. Mutum ɗaya ke ba da umarni, kuma sai ya tabbata ba makiyayi ko dabba ko mai itace tsakanin wuta biyun. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, ka ƙara wa daji wuta ta biyu ne da hannunka, kuma dokar gandun daji ta 2004 ba ta san ka yi niyyar alheri ba, kai za a nema.

Da samarin da ba su taɓa yi ba, a iskar Oktoba mai juyawa, ban yarda ba. In suna son su koya, ga hanya: in kun share gefe biyu na burtalin nan, ku gayyaci jami'in gandun daji, ku ƙone ciyawar da ta rage a tsakiya da yamma lis bayan iska ta kwanta, guntu-guntu, kowane guntu a kashe shi kafin a cinna na gaba. A nan za su ga yadda take tafiya in ta fuskanci iska da yadda take in ta ba ta baya. Ka kira dattijon ya tsaya kusa da jami'in, ka ba shi riƙon usur.